Birkin Babur Mai Ƙafa Huɗu

Shekara ashirin da shida ina matsa wa mijina hannun birki, amma ban taɓa kwanciya a ƙarƙashin babur ba sai ranar da karambani ya kai ni.

Shi ne bakaniken gonar kajin da muke zaune a cikinta. Kowa Injiniya yake ce masa, har ni. Gidanmu ɗaki biyu ne a bayan rumfar gyara, na gona ne, yana tare da aikin. Kejin kajin suna can saman tudu, sito kuma yana ƙasa, saboda haka kullum da safe ana ɗaura wa babur mai ƙafa huɗu ɗan amalanke, a jera kiret-kiret na ƙwai, a gangaro da su. Gangaren nan ba ya son wasa. Shi ya sa duk shekara Injiniya yake zubar da tsohon man birki ya zuba sabo, ya cire iskar da ta shiga bututun man.

Aikin na mutum biyu ne. Shi yana kwance a gefen taya da sifana mai lamba takwas, ya saƙala siririn tiyo a kan ɗan notin birki, ɗaya bakin tiyon yana cikin kwalba. Ni ina tsaye a kan babur. Zai ce, "Matsa." In matsa sau uku. Ya ce, "Riƙe." In ce, "Na riƙe." Sai ya kwance notin, baƙin mai da kumfa su fito, ya ɗaure, sannan ya ce, "Saki." Idan na saki kafin ya ɗaure, iska ta koma ciki, aiki ya dawo sabo. Kuma ni ce mai sa ido a kan ɗan kofin man da ke saman hannun babur, in ƙara masa kafin ya ƙafe. Tun ina amarya nake wannan aiki, har ƙannena suna tsokana wai ba mata ya aura ba, ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka wanda ba a biya.

Bara hannunsa na dama ya soma rawa. Da farko sai in ya ɗauki kofi, daga baya har in yana zaune. Bai taɓa yin zancen ba, ni ma ban yi ba. Amma Manaja ya lura, don na ga yadda yake bin hannun da ido duk lokacin da suka gaisa.

Ranar Talata muka canza man. Sifana ta suɓuce masa sau biyu. Aikin da muke gamawa kafin shayi ya huce, sai da muka kusa cin awa biyu. Tsakanin "riƙe" da "saki" sai in ji shiru mai tsawo, ina jin ƙarfe yana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana neman kan noti. Yatsuna har suka sage. Da ya tashi ya matsa birkin, ya ce, "Ya yi." Ya wanke hannu ya tafi asibiti ganin likita.

Zan faɗi gaskiya a nan, tunda ita ce ta fi yi mini ciwo. Bayan ya fita na matsa birkin da hannuna. Da tauri yake, babu inda ya lotsa. Hannuna ya gaya mini aiki ya yi kyau, amma zuciyata ta ƙi. Na ce a raina, hannun da ya kasa riƙe sifana, ina ya ga ɗaure noti a kan lokaci? In birkin nan ya ba da matsala, Manaja ya sami abin da yake jira. Bari in sake, ba wanda zai sani.

Na yanko robar tsohon tiyub na ɗaure hannun birki da ita, ta zama ita ce ni. Na kwanta a ƙasa, na zama shi. In kwance noti, in ɗaure, in tashi in sake matsawa, in ɗaure roba, in koma ƙasa. Har daɗi nake ji, wai ga ni na iya. Abin da roba ba ta da shi kuwa ido ne. Ba ta ce mini kofi ya ƙafe ba. Sai da na ji wani ɗan tsotso daga sama, kamar yaro ya kai ƙarshen lemo da tsinke. Na miƙe da sauri na cika kofin, na ƙara yi sau biyu, na matsa. Birkin ya ɗan yi laushi. Na ce zai zauna zuwa gobe. A daidai nan na hango Injiniya ya shigo ƙofar gona, na rufe kofin, na cusa robar a bayan durom. Garin neman gira na rasa ido, kuma na ja bakina na yi shiru.

Washegari da safe mai sito ya gangaro da ƙwai. Ina shanya kaya na ji ihunsa, sai ƙarar wayar shinge. Ya matsa birki hannun ya tafi har ƙarshe babu komai, ya karkatar da babur ya shige shingen waya. Allah ya tsare ransa, amma wuyan hannunsa ya goce, fuskarsa ta kurje. Ƙwai kuwa gangaren gaba ɗaya ya koma ruwan ɗorawa.

Ma'aikata suka taru. Manaja ya iso, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Injiniya, jiya ka taɓa birkin nan?"

"Na taɓa, ranka ya daɗe."

"Kowa yana ganin hannun nan naka, kara muke yi maka. Yau ƙwai ne da hannun mutum. Gobe fa? Ka huta haka nan. Ƙarshen wata a ba ni makullin rumfa da na gida."

Ina tsaye a bayan matan da ke tsintar kiret, da rigar wanki a hannuna. Kalma uku kawai ake buƙata: ni na taɓa. Ban furta su ba. Injiniya ya sa hannun nan mai rawa a aljihu, ya ce, "To, ranka ya daɗe." Bai dubi inda nake ba. Wata mata ta raɗa mini, "Sai haƙuri, tsufa ne," ni kuma, Allah ya yafe mini, na gyaɗa kai.

Da rana aka turo babur ɗin rumfa. Na kai masa abinci na tarar bai ko buɗe kofin birkin ba. Yana zaune a kan benci, robar tiyub ɗin nan tana kan gwiwarsa.

"Uwar yara," ya ce, "wannan ƙullin naki ne. Irin wanda kike yi wa igiyar shanya."

Na ajiye kwano na durƙusa. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na gaya masa komai, har da cewa na matsa na ji tauri kafin in kwance.

Ya dubi babur ɗin. Sannan ya ce, "Kin ji tauri."

"Na ji."

"Kuma kika kwance."

Na sunkuyar da kai.

"Kofi ya ƙafe wa kowa, ni ma ya taɓa ƙafe mini ina koyo. Ba shi ya dame ni ba. Manaja ya ga hannuna na rawa ya ce na ƙare, shi baƙo ne. Ke kuwa kin taɓa aikin da hannunki." Ya juya robar. "Tun da safe, da na ji birkin ya ƙi kamawa, na san ke ce. Da na faɗa, da an ce tsoho ya laɓe a bayan matarsa."

Na tashi ko mayafi ban gyara ba, na nufi ofis. Mai sito na zaune a wurin da hannu a naɗe, da wasu ma'aikata biyu. A gabansu na faɗa cewa ni na taɓa birkin. Na roƙi mai sito gafara. Ya kawar da kai, kuma yana da gaskiya. Manaja ya dube ni irin kallon da ake yi wa matar da ta zo rufa wa miji asiri, ya ce, "Hajiya, ke kin san birki ne?"

Na ce ya zo ya gani.

Da muka shiga rumfa Injiniya ya riga ya ɗauko sabon galan na mai, ya saƙala tiyo. Ya dubi Manaja, ya dube ni. Sai ya miƙo mini sifana mai lamba takwas.

"Tunda kin ɗanɗana ƙasa, sauka. Ni zan tsaya a sama. Hannun nan in ya damƙi birki ba ya rawa."

Manaja ya harɗe hannu ya ce, "In birkin nan ya tsaya, ku biyu za ku riƙe rumfar. In bai tsaya ba, maganata tana nan."

Na kwanta a kan kwali a gefen taya. Jiya da nake ni kaɗai ina ta sama da ƙasa, ban lura da abin da na lura da shi yanzu ba. Daga nan ƙasa ba a ganin hannun birki. Ba a ganin kofi, ba a ganin fuskar wanda ke tsaye. Taya kawai, da laka, da ɗan noti. Wanda ke kwance ba shi da komai sai maganar na sama. Shekara ashirin da shida mutumin nan yana kwance a nan yana kwance noti a kan kalmata, ko sau ɗaya bai ɗago kai ya duba ko da gaske na riƙe ba.

Hawaye ya gangaro mini cikin kunne. Na ɗora sifana a kan noti.

"Matsa," na ce.

Na ji babur ya ɗan motsa sau uku.

"Riƙe."

"Na riƙe," in ji shi.

Ban ɗago ba. Na kwance notin.