Allo a Gonar Riɗi

Ƙarar guduma Rakiyya ta fara ji tun kafin ta hango gonar. Tana isa ta tarar an kafa ƙaton allo a bakin kunyoyinta, har an tattake mata riɗi. Ga Hudu, wan marigayi mijinta, ga wani saurayi fes da kwalba koriya a hannu.

"Yaya, lafiya?"

"Alheri ne. Wannan Saifuddeen ne, daga Gumel. Ruwan ciyawar teku yake sayarwa, na feshi. Ranar kasuwa zai tara mutane nan, ki ce da shi kika yi wa riɗinki feshi. Shi ke nan aikinki."

"Ai ko famfon feshi ba ni da shi."

Saurayin ya yi dariya. "Inna, za mu kawo miki, ki goya a ɗauki hoto."

Ta dubi riɗin da ya kai mata ƙirji. Lokacin da Hudu ya ara mata wurin nan bayan ta fita takaba, rairayi ne zalla, ko ƙarangiya ƙyamarsa take. Ita ta riƙa dafa wa makiyaya tuwo duk rani don shanunsu su kwana a ciki. Ita ta yi ta jidar toka da kashin awaki a ka, har gashin tsakar kanta ya zube.

"Gonar aro ce dai," in ji Hudu a hankali, yana kaɗe hularsa. "Kada ki manta."

Ba ta manta ba. Da riɗin nan 'ya'yanta huɗu ke ci.

* * *

Ranar kasuwar Sule Tankarkar babura suka cika bakin gonar. An jera kwalabe a kan tabarma. Maƙwabciyarta Talatu ta biyo ta nan janye da akuyarta ɗaya tilo, za ta kai kasuwa ta dawo ta sayi maganin.

Aka goya wa Rakiyya famfo. Ba komai a cikinsa, amma sai ta ji ya fi kwandon taki nauyi. Saifuddeen ya ɗaga waya.

"Inna, gaya musu sirrin."

Ta kalli Hudu, ta kalli akuyar. Sai ta zame igiyoyin daga kafaɗa, famfon ya faɗi ƙasa.

"Maganinsa ko yana da kyau ko babu, Allah masani. Gonar nan dai ba ta taɓa ɗanɗana shi ba. Kashin shanu ta ci. Mai son sirri ya zo da kwando."

Wani tsoho ya tuntsire da dariya har da tari. Saifuddeen ya sauke wayar, ya ce wa jama'a tsufa ne ke damun Inna.

Hudu ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Kina yanke riɗin nan, ki fitar mini daga gona."

"Na ji, Yaya. Baɗi ka fesa mata teku."

Ta tsuguna tana tayar da riɗin da aka tattake. Bayanta ciniki bai tsaya ba, maza na ta miƙa hannu, don ido ya riga ya ga kore. Can a hanyar gari kuwa Talatu ce ke komawa gida, akuyar na tirjewa, ita kuma tana ja.