Farar Rigar Kaka Ermete

Mutanen ƙauyen Roccalvena manoman inabi ne, kuma ba su kai ɗari uku ba. Suna da kakanni bakwai da suka ƙi miƙa alkamar gari ga sojojin Ostiriya, aka harbe su a dandali. Amma ba su da kabarinsu, ba su da hotonsu. Abin da ya rage kawai shi ne takardar hukuncin kisa mai ɗauke da sunayensu. Kowace shekara, ranar biki, mutum ɗaya yakan sa farar rigar kwamandan maƙiya ya karanta takardar, jama'a su yi masa ihu su jefe shi da ruɓaɓɓen tumatir.

Shekara talatin ke nan Ermete, kakan Nives, yana sa rigar. Nives, 'yar shekara goma, ta tsani wannan rana, domin a makaranta "jikar kwamanda" ake ce mata.

Bana magajin gari, Fulgenzio, ya zo har gida.

"Ermete, motoci biyu na baƙi za su zo daga Ostiriya. A bar karatun nan. Ka fito, ka ɗaga hannu, a busa sarewa, a ci taliya."

"In ɗaga hannu? Amarya ce ni?"

"Kai dai taurin kai! Gwiwarka ma ba ta ɗaukarka."

"Da baki nake karatu, ranka ya daɗe."

Fulgenzio ya tafi, ya kulle takardar a ofishinsa. Nives ta ji daɗi a ranta.

"Kaka, ka huta da tumatir ke nan."

"Ke, 'yar ƙwailata, faɗa mini sunayen bakwai ɗin."

Ta kawo biyu, na uku ya ɓace mata. Kakan ya ci gaba da goge maɓallan rigarsa.

Ranar biki dandali ya cika. Ermete ya hau dakali da ƙyar, Nives na riƙe da sandarsa. Masu sarewa suka fara, magajin gari yana ta yi masa alamar ya ɗaga hannu. Sai tsohon ya buɗe tafin hannunsa kamar mai riƙe da takarda, ya daka tsawa har sarewa ta tsaya.

"Bisa umarnin sarki, za a harbe Celso Marangon, mai niƙa!"

Babu wanda ya zo da tumatir, don an hana. Can sai wata tsohuwa, Palmira, ta zare tumatir daga cikin burodinta ta wurga.

"Ƙarya kake, kwamanda! Celso kakana ne!"

Dandali ya ɓarke da ihu. Ermete ya kira na biyu, ya kira na uku, duk a haddace, kowane suna da sana'ar mai shi. Wani baƙo ya cire hularsa. Nives tana maimaita sunayen a hankali har na bakwai, ruwan tumatir na ɗiga a takalminta.

A ranar ta gane cewa in kakanta bai sa farar rigar ba, babu bakin da zai kira sunayen mutanen nan bakwai.