Tuffar Wendell

Kowace Asabar Loretta ce ke jagorantar masu karatu a laburaren garin, kuma yau tsofaffin littattafai biyu suke kwatantawa. A ɗaya, rijiya ce ta ƙafe bayan an yi kisa a gidan. A ɗayan kuma, itacen tuffa ne ya bushe a kan wani ɓoyayyen kabari.

"To, wanne ya fi nuna laifin da aka binne?" ta tambaya.

Wendell, wani manomi da bai taɓa cewa uffan ba a zaman, ya gyara murya.

"Malama, marubucin nan bai san ƙasa ba. Itace ai ba ya bushewa a kan gawa. 'Ya'ya yake yi har rassa su karye."

Aka kwashe da dariya, ban da Loretta. Ta tuna da matarsa Darlene, wadda ya ce ta koma Florida shekara biyu da suka wuce, ko kati ba ta aiko wa kowa ba.

Wendell ya turo mata kwandon tuffar da ya kawo, jajaye, manya-manya.

"Ci mana. Bana ta yi albarka."