Amfilifayar Malam da Baƙin Ƙarfenta

Malam Abdulbaqi, mijina, shi ne ladanin masallacin lungunmu a Ƙofar Na'isa har Allah ya karɓi abinsa. Amfilifayar da yake kiran salla da ita tasa ce, gwanjo ya sayo ta, 'yar Amurka. Ya sha gaya mini cewa wutar can rabin tamu ce, ɗari da goma. In aka jona ta kai tsaye a soket ɗinmu, nan take za ta ƙone. Shi ya sa take da wata ƙaramar taransifoma baƙa, mai nauyin tsiya, wadda ke rage mata wuta.

Ina cikin takaba aka yi rabon gado. Ba mu haihu ba, daga ni sai ƙanensa Ilu. Malamin da ya raba ya ɗauka kaya biyu ne, ya sa amfilifaya a kasona, taransifoma a kason Ilu. Ni a lokacin ko sunana aka kira ba na ji.

Tun daga nan lasifikar masallaci ta yi shiru. Nura, sabon ladan, da baki yake kira, ko zaurenmu ba ya isowa. Tsofaffin lungu suka riƙa makara da asuba. Na ƙudurta zan ba masallaci amfilifayar, Allah ya kai wa Malam lada.

Nura ya zo ɗauka, ya ce ai filogi kawai za a canja mata. Na dafe ta da hannu biyu, na ce ba za ta fita ba sai da 'yar'uwarta.

Da na fita takaba na tafi Jakara, rumfar Ilu, baduku ne. Na tarar da taransifomar a kan tarin fatu, yana danne su da ita. Muka gaisa, muka yi wa Malam addu'a, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce bai taɓa samun abin da ke miƙar da fata kamarta ba, kuma ita kaɗai ce abin Yaya da yake taɓawa kullum.

"Ke kin samu mai magana, ni bebiya aka ba ni," in ji shi. "Ita ma za ki ƙwace?"

Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na yi masa sallama na tafi.

Washegari na sa mai baro ya ɗauki dutsen niƙan da na gada wurin Innata, da hular Malam ta zuwa Juma'a a cikin jakata. Na sa aka sauke dutsen a kan fatunsa.

"Wannan ya fi ta nauyi. Ga kuma abin taɓawa."

Ya daɗe yana juya hular. Sannan ya ce dutsen zai ɓata masa fata, amma zai shimfiɗa tsumma. Da kansa ya ɗora taransifomar a baro, ya biyo mu.

A ƙofar masallaci na tsaya ina nuna wa Nura: taransifoma a bango, amfilifaya a jikin taransifoma. Na sa ya maimaita sai da ya gaji da ni. Akwai wuta ranar. Ya kunna, ta yi ɗan gurnani, babu hayaƙi.

Ya kira Magariba. Ilu ya cire takalmi ya shiga sahu, ni kuma na juya gida da sauri, don ban yi alwala ba.