Ƙofar da Torbjörn Ya Buɗe da Hannu

Torbjörn bai kai kofinsa baki ba Ylva, sabuwar ma'aikaciyarsu, ta ɗago daga teburinta. "Zo ka gani. Jadawalin ya tsaya cak."

Jadawalin nan shi ne abincin kamfaninsu a garin Umeå. Shi ke gaya wa masu jinya gidan wane tsoho za su je, ƙarfe nawa, da wane magani. Yana zaune ne a kan kwamfutocin haya da babu wanda ya taɓa sa su a ido. Dokar gidan guda ce: ba a taɓa su da hannu. Abin da kake so ka rubuta shi a cikin tsari, na'ura ta karanta ta gina. Wanda ba ta gani a rubuce ba kuwa, rushewa take yi, ba ta neman shawarar kowa.

"Me kika tura?"

"Suna na gyara fa. Layi ɗaya!"

Ya duƙa ya duba, nan take ya gane. A watan Fabrairu ƙofar da wayoyin masu jinya ke shiga ta toshe, shi ya buɗe wata da hannu, ya ce bayan cin abinci zai rubuta ta cikin tsarin. Bai rubuta ba. Yau da Ylva ta tura gyaranta, na'ura ta ga ƙofar da ba ta san da ita ba, ta rufe.

"Bari in lalluba," in ji shi.

Ya koma kujerarsa. Don kada a ce ya san wurin, sai da ya yi ta ƴan buɗe-buɗe kafin ya sake buɗe ƙofar. Jadawali ya tashi.

"Tsoho ya sake ceto mu!" in ji Rasmus, abokin aikinsu, yana bubbuga masa kafaɗa. "Ranar da ka yi ritaya sai mu koma sayar da kifi."

Amma an riga an makara. Wata tsohuwa mai ciwon sukari ta jira allurarta har ta faɗi a ɗakin girki. Maƙwabci ne ya kira motar asibiti.

Ƙarfe biyu shugabarsu Pernilla ta tara su, ga kofi ga burodin kirfa.

"Kun san mu a nan ba ma neman mai laifi," ta ce. Kowa ya gyaɗa kai, kowa kuma Ylva yake kallo.

"Na bi littafin da na'ura ke rubuta wanda ya taɓa me," in ji Rasmus. "Kwana casa'in yake riƙewa. Ba kowa a ciki."

Torbjörn ya ƙirga a zuci. Kwana ɗari da huɗu ke nan da ya buɗe ƙofar.

"Na'ura ta nuna miki abin da za ta rushe kafin ki danna?" Pernilla ta tambaya a hankali.

"Ta nuna. Na ɗauka shara ce."

Pernilla ta rubuta wani abu. Saura mako biyu watannin gwajin Ylva su cika, a ce mata zauna ko tafi. Torbjörn ya gutsuri burodi, ya ajiye sauran.

Bayan taro ya zauna ya rubuta ƙofar cikin tsarin, layi huɗu. Sai na'ura ta buɗe masa gurbin dalili. Ya rubuta "gyara", ya goge. Ya daɗe yana kallon gurbin, sannan ya rubuta: "Ni na buɗe ta da hannu ranar sha ɗaya ga Fabrairu, ban rubuta ba." A wurin mai dubawa ya sa sunan Ylva, ya tura.

Yana hango ƙeyarta tana karantawa.

"Torbjörn," ta ce, ba ta juyo ba. "Kai za ka tura wa Pernilla, ko ni?"

"Bar shi," in ji shi. Ya miƙe. "Da ƙafata zan je."