Shuɗiyar Rigar Malam Hambali

Duk garin Gangara an san ni da ɗinkin bargon ƙyallaye. Ba sayarwa nake ba, hannuna ne kawai ba ya son zama. Ranar kasuwa nakan bi teloli in kwaso guntayen atamfa da shadda, in zo in haɗa su da zare da allura, in shimfiɗa auduga a tsakani, in yi shafi da tsohon zane. Wani wurin in yi ɗinki miƙaƙƙe, wani in karkace shi kamar tafiyar maciji, inda na gaji kuma in yi ƙulli in wuce.

An kuma san mijina, Malam Hambali, da shuɗiyar rigarsa. Shuɗiya dai a da, don ta koɗe har ta kusa komawa kalar toka. Na yi mata faci har na rasa inda zan soka allura. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa, sababbin riguna uku kuwa suna kwance a akwati.

Da aka sa ranar auren autarmu Hamdiya, wadda ke koyarwa a lakol, wato makarantar boko, da wani ɗan Agiye, na ce masa, "Malam, don Allah ran ɗaurin aure ka sa farar shaddar nan. Surukai za su zo."

Ya ce, "Mi shuɗiyar ta yi maki, Maijidda? Wallahi da ita zan hita."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A ce mutanen Agiye su cika motoci su zo su tarar da uban amarya cikin tsumma? Lokacin ina tsakiyar ɗinka wa Hamdiya bargon da za ta tafi da shi ɗakinta, kuma tsakiyarsa na neman shuɗi. Rannan ya tafi Cadawa sayen iri, ya bar rigar a igiya. Na ɗauki almakashi na yi bisimilla. Gida goma sha shida ta ba ni, na zagaye kowanne da jan zare. Aikin wuyan ma ban yar ba, na dasa shi a tsakiya, ya zauna ɗas.

Kwana biyu yana nema. Ya duba rumbu, ya zargi akuya, ya zargi iska. Ni kuwa ina taya shi jaje, har da cewa, "Allah ya mayar da alheri."

Na manta da abu ɗaya: ya rantse. Ranar ɗaurin aure da safe ya shigo ɗakina neman hula, bargon na ninke a kan kayan amarya. Ya tsaya. Ya warware shi, ya kai yatsa kan aikin wuyan, ya daɗe yana kallo. Na jira faɗa, har na shirya amsoshina.

Sai ya ce, "Ɗinkin ya yi kyau."

Na ce, "To ga shadda nan, Malam. Rantsuwa kuwa sai ka yi kaffara."

Ya ce, "Kaffarar mi? Cewa na yi da rigata zan hita, ga ta kuwa."

Ya yafa bargon a kafaɗa ya fice. Cikin bazara fa, ranar da ko kaji sun buɗe baki suna haki. Na bi shi har zaure ina "Malam! Malam, ka rufa mani asiri!" Ko waiwaye bai yi ba.

Ta kafar zana na leƙa. Ga mutanen Agiye cikin shadda mai maiƙo, ga uban amarya a tsakiyarsu lulluɓe da bargo mai launi ya fi ashirin, gumi na bin gemunsa. Liman ya tambaye shi ko zazzaɓi ne. Ya ce lafiyarsa lau, aikin iyali ne, ya ga bai kamata a ɓoye shi a ɗaki ba. Har miƙa wa wan ango gefe ya yi, wai ya taɓa ya ji auduga. Matan da ke bayana suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da aka shafa fatiha ya shigo sharkaf, ya cire bargon, ya ninke shi da kansa ya ɗora a kan akwatin Hamdiya. Na buɗe baki zan fara, ya riga ni.

Ya ce, "A kai mata. Cikin rigar nan na ɗauke ta ran da aka haihe ta, na yi mata kiran salla a kunne. Shi ya sa na so in bada ita cikinta."

Na fasa faɗan da na tanada. Shekara ashirin da huɗu ina zagin rigar nan, mutumin nan bai taɓa gaya mini ba. Na ce, "Ai da ka faɗa."

Ya ce, "Ai ba ki tambaya ba. Miƙo mani ruwa."

Na miƙa masa, na koma ɗaki na yi kukana.