Daƙiƙa Shida a Gonar Baffa Sambo

Mu'minatu ta iso Kebbe a bayan babur, rungume da akwatin madubin hangen nesa. Shekararta ta ƙarshe ce a jami'a, kuma aikin kammala digirinta duk ya rataya ne a kan daƙiƙa shida. Malaminsu ya lissafa cewa ranar Laraba, ƙarfe takwas da minti goma sha huɗu na dare, wani dutse mai yawo a sararin samaniya zai gifta ta gaban wani ƙaramin tauraro, ya rufe shi ɗan lokaci. Abokin karatunta Mudassir zai auna tsawon rufewar daga Tambuwal, ita kuma daga Kebbe. Sai an haɗa awon biyu za a san girman dutsen. Na mutum ɗaya aikin banza ne.

Ta sauka gidan Baffa Sambo, wan mahaifinta. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse birane, tsohon yake zaune daga shi sai awaki uku da rediyo. Murna ta hana shi zama. Ita kuwa ba hira ta kawo ta ba. Kwana uku tana fita gonarsa ta bayan gari da magariba tana gwaji, ta dawo ta tarar ya rufe mata tuwo yana jira. Tana ci tana latsa waya, shi yana kallonta. Kaɗaici ya dame ta, don duk garin ba wanda ya gane abin da take yi. Masu wucewa cewa suke 'yar boko ta zo da bindiga.

Ta gaya wa Baffa ido sai ya yi minti ashirin cikin duhu kafin ya kama tauraron. Ya ce to. Amma "to" ɗin tsoho ba kullum yake nufin ya yarda ba.

Ranar Laraba sama ta yi fes. Ta kafa madubi, ta sami tauraronta, ta ɗora yatsa a kan agogo. Saura minti ɗaya, sai ga ƙarar babur, haske ya dalle mata fuska. Baffa ne, ya aro na maƙwabci. A gidansu barin baƙo cikin duhu abin kunya ne, balle 'ya mace, balle a ranar da ta ce ita ce babbar rana.

"Mu'mina, ga haske ki gani da kyau," in ji shi. "Kwana uku nika jin nauyi, ɗiyar ƙanena cikin duhu ke ɗai awa marar dangi."

"Baffa, kashe! Don Allah kashe!"

Ya yi ta laluben makulli, don babur ɗin ba nasa ba ne. Kafin idonta ya dawo daidai, takwas da rabi ta gota, tauraro yana nan yana ƙyalli kamar ba abin da ya faru. Baffa ya juya yana tura babur da ƙafa.

Mudassir ya kira. "Daƙiƙa biyar da ɗigo takwas na samu. Ke hwa?"

Da ta ce shida, ba mai kama ta. Amma ta ce, "Ban gani ba."

Ya ce Allah shi kyauta, ya kashe waya. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta.

Da ta komo, ta tarar da unguwar duhu ƙirin, ko rediyo ba ta ji. Muryar Baffa ta fito daga zaure.

"Na kashe duka, ɗiyata, har wutar murhu. Maƙwabta ma na bi su gida-gida na roƙa, sun kashe. Koma ki duba. Ba ni ƙara zuwa."

Ta buɗe baki za ta ce masa dutsen ya wuce, ba zai dawo ba. Ta kasa. Sai ta sake saɓa akwatin, ta koma gona, ta zauna ita kaɗai.